Birnin Mafaka da Ba Wanda Ya Kwana Ciki

A shekarar 1825 wani Bayahude ɗan Amurka, Mordekai Manuwel Nuhu, ya ƙudura gina wa Yahudawan duniya birnin mafaka. Ɗan jarida ne, ya kuma taɓa wakiltar ƙasarsa a Tunis, har gwamnati ta sauke shi a 1815, tana sa addininsa cikin dalilai. Ya ɗanɗani wariya da kansa ke nan. A zamanin nan Yahudawan Rasha ba su da izinin zama sai a yankin da aka keɓe musu, na birnin Roma kuwa akan kulle su cikin unguwa guda da dare.

Aka sayi fili a wani tsibiri cikin kogin Niyagara, kusa da garin Bafalo. Ya raɗa wa wurin suna Ararat, inda jirgin Nuhu na farko ya tsaya. Ranar aza harsashi, cikin watan Satumba, sai jiragen da za su haye da taron suka kasa. Nuhu ba jirgi! Dole aka yi bikin a majami'ar Bulus Mai Tsarki a cikin gari. Can ya tsaya da jar alkyabba, ya kira kansa Gwamna da Alƙalin Isra'ila, ya umarta a ƙidaya Yahudawa ko'ina suke, kowa kuma ya riƙa biyan shekel uku a shekara.

Ba wanda ya zo. Babban malamin Yahudawa na Faris ma ya ƙi a fili, gama a koyarwarsu Allah kaɗai ya san ranar tattara Isra'ila.

To, me za a kira wannan aiki? Alheri ne, ko girman kai? Masu yi masa dariya suna da sauƙin baki, domin mai dariya bai sayi ko taki ɗaya na ƙasa saboda baƙo ba. Tsananin da ya gani gaskiya ne, bai kuma yi kuskuren wuri ba: tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa wajen miliyan 2 suka ƙaura daga gabashin Turai zuwa Amurka.

Duk da haka akwai laifi, ba ƙarami ba. Wanda aka tsananta masa, abu na farko da aka ƙwace masa shi ne ta cewa a kan ransa: wani ne ke faɗa masa inda zai kwana da abin da zai biya. Nuhu ya zo da ƙauna, amma da muryar nan ɗaya ta masu umarni. Ya naɗa kansa, ya zaɓi wuri, ya yanka haraji, sa'an nan ya aika da sanarwa. Shin mutum zai iya ƙaunar maƙwabcinsa bai zauna ya ji ta bakinsa ba? Miliyoyin da suka zo daga baya wasiƙar ɗan'uwa suka bi, suka sauka inda suka ga dama.

Nuhu ya rasu a 1851. Dutsen harsashin yana ajiye a gidan tarihi na Bafalo.