Ratar da Ba a Gani: Ma'anar "Daidai" a Cikin Injin Mota

Masu nazarin falsafa sun daɗe suna jayayya a kan ko daidaito siffa ce da abu yake ɗauke da ita a karan kansa, kamar nauyi ko launi, ko kuwa dangantaka ce da ba ta samuwa sai tsakanin abu biyu. Aikin bakanike a lokacin da ya sauke inji domin ya sake ɗaure shi yana ba da amsa mai kaifi ga wannan tambaya, musamman idan ya zo zaɓen mital ɗin kiranshaf. Kiranshaf shi ne ƙarfen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da yake kwance a ƙasan inji, wanda yake mayar da hawa da saukar fistan zuwa juyin da yake tafiyar da mota. Mital kuwa wasu siraran ƙarafa ne masu siffar rabin zobe, waɗanda ake haɗa su biyu-biyu su rungume wuyan kiranshaf a duk inda yake juyawa.

Abin da bakanike yake nema a nan ba ya cikin mital ɗin, kuma ba ya cikin kiranshaf ɗin: yana cikin 'yar ratar da ke tsakaninsu, wadda a yawancin ƙananan motoci take kamawa daga milimita 0.02 zuwa 0.06, wato ba ta kai kaurin gashin kai ba. A cikin wannan rata man juye yake shiga, kuma tun bayan gwaje-gwajen injiniya Beauchamp Tower a Ingila a 1883, da bayanin lissafin da Osborne Reynolds ya yi musu a 1886, aka gane cewa ƙarfe mai juyi yana jan mai zuwa ƙarƙashinsa har man ya ɗaga shi, ta yadda injin da yake da lafiya kiranshaf ɗinsa a kan mai yake yawo, ba ya taɓa mital sai a lokacin tashi da kashewa. Idan ratar ta yi ƙunci, man ba ya wadata, zafi yana taruwa har mital ya narke ya manne. Idan ta yi faɗi, man yana tsiyayewa ta gefe, ƙarfinsa ya faɗi, ƙarafa su riƙa dukan juna har a ce inji ya buga. Ɓarna tana jira a kowane gefe, kuma hanyar da ke tsakani siririya ce ƙwarai.

Wannan shi ne ainihin abin da Arisɗo, masanin Girka, ya faɗa game da kyawawan ɗabi'u, wanda Imam Gazali ya tabbatar da makamancinsa a Ihya'u Ulumid Dini: jarunta tana tsakanin tsoro da ganganci, kyauta kuma tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Sai dai mutane sukan manta da sharaɗin da Arisɗo ya ƙara, cewa tsakiyar da ake nufi ba ta lissafi ba ce, ana auna ta ne da wanda abin ya shafa, domin abincin da ya yi wa ɗan kokawa kaɗan yana iya yi wa sabon shiga yawa. Injin da ya yi shekaru yana aiki yana bayyana wannan sharaɗi fiye da kowane misali na littafi. Wuyan kiranshaf ɗinsa ya ci, an kai shi wurin masu injin gogewa sun rage shi da milimita 0.25 ko 0.50 ko 0.75, saboda haka mital ɗin da ake kira sitanda, wato girman da aka ƙera motar da shi, wanda a da shi ne daidai, yanzu shi ne kuskure. Abin lura ma shi ne lambar da take jikin kwalin mital tana faɗin abin da aka rage wa kiranshaf ne, alhali shi mital ɗin kauri ya ƙara, kamar dai sunansa ma ba ya tsayawa sai an jingina shi ga abokin zamansa. Ko a cikin sitanda akwai matakai, shi ya sa Toyota take buga lambobi a jikin bulo, wato gangar jikin inji, da kiranshaf, Honda kuma take shafa wa mital launi a gefe, domin a haɗa kowane wuya da nasa.

Daga nan ake gane cewa gyara ba yana nufin komawa ga asali ba, kuma mai dagewa a kan awon farko bayan abu ya canja yana iya zama mafi ɓarna, duk da cewa a ganinsa riƙo da asali yake yi.

Da yake daidaito dangantaka ce, ba a saninsa sai da awo, kuma a nan tambayar take juyawa daga falsafa zuwa fiƙihu. Mai mota yana iya sayo mital da hannunsa a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna, amma da zarar an ɗaure inji an rufe kaskon mai, ba shi da hanyar ganin abin da aka yi. Mazhabar Malikiyya ta ɗora wa masu sana'a lamunin kayan da suka keɓanta da su, wato biyan abin da ya lalace a hannunsu, hukuncin da yake cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani da almajirai suke karantawa a zaure, kuma Imam Shaɗibi ya kawo shi misali na maslaha, wato hukuncin da aka gina a kan kare amfanin jama'a, saboda mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu ga wanda ba za su iya tsare shi ba.

Ana iya cewa tsohon oga da ya shekara talatin a gareji yana jin ratar da hannunsa, ta hanyar juya kiranshaf bayan ya ɗaure noti, kuma wannan magana tana da rabin gaskiya. Hannu yana gane matsi, domin ƙarfen zai ƙi juyawa, amma faɗin da ya wuce ƙa'ida da kaɗan yana juyawa sumul kamar mai lafiya. Abin da hannu yake bayarwa zato ne, kuma malaman usulu, masu nazarin tushen hukunci, ba su yarda a dogara da zato a inda yaƙini yake da sauƙin samu ba. Yaƙinin a nan ba shi da tsada: akwai maikuromita, ma'aunin da yake karanta kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, akwai kuma wani siririn zaren roba da ake shimfiɗawa a wuyan kiranshaf, a ɗaure mital a kansa da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade, a kwance, sannan a gwada faɗin da zaren ya baje da zanen da ke jikin takardarsa. Amma cusa takarda ko gwangwani a bayan mital, ko zuba mai mai kauri domin a danne ƙara har mota ta bar gareji, wannan ya fita daga babin kuskure ya shiga babin algus.

Akwai kuma halin da daidai ba ya samuwa gaba ɗaya. Ana auna wuyan kiranshaf ta fuska biyu masu gicciye, kuma idan awon ya saɓa, wuyan ya koma siffar ƙwai, babu mital ɗin da zai zauna masa sai an sake goge shi. Idan kuwa an riga an goge shi har matakin ƙarshe da kamfani ya yarda da shi, duk kwalayen da ke kan kantar mai shago ba su da amfani, sai dai a nemi wani kiranshaf.