Amana Ba Ta Tsoron Lissafi



A ranar 26 ga Fabrairu, 1995, wani tsohon banki na birnin Landan mai suna Barings ya rushe. Tun 1762 aka kafa shi, har Sarauniyar Ingila tana cikin masu ajiya a wurinsa. Ma'aikaci ɗaya ne ya kayar da shi, wani saurayi mai suna Nick Leeson, wanda bankin ya tura Singafo a 1992 don ya yi masa ciniki a kasuwar hannun jari. Shi ne mai saye da sayarwa, shi ne kuma shugaban ofishin da ke rubuta cinikin a littafi. Da ya fara yin hasara, sai ya riƙa ɓoye ta cikin wani asusu mai lamba 88888, yana aika wa Landan labarin riba. A 1994 masu binciken kuɗi na bankin suka yi gargaɗi cewa bai kamata ayyukan nan biyu su zauna a hannun mutum ɗaya ba. Manya suka ji, amma ba su raba ayyukan ba, gama wa zai takura wa mai kawo riba? Da girgizar ƙasa ta auka wa birnin Kobe a Janairun 1995, farashi ya faɗi a kasuwar Japan, hasarar ta kai fam miliyan 827. Aka sayar da bankin ga kamfanin ING na ƙasar Holan a kan fam ɗaya tak, Leeson kuwa aka yanke masa ɗaurin shekara shida da rabi.

Laifin saurayin nan a fili yake. Amma Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Waɗanda suka ba shi mabuɗi da littafi, suka juya baya, su ma suna da amsar da za su bayar.

Abin da masana harkar kasuwanci suke kira matakan tsaro na cikin gida ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Mai karɓar kuɗi dabam, mai rubutawa dabam. Kuɗi ba ya fita sai da izini, cek kuma sai da sa hannun mutum biyu. Kowace sayayya da rasit ɗinta. A ƙarshen wata a gwada littafin akawu da takardar banki, a ƙirga kayan da ke cikin sito. Lokaci lokaci wani wanda ba ya ƙarƙashin ma'aji ya zo ya duba, in ya ga ɓaraka kuma a gyara. Ma'aji ya riƙa tafiya hutu, wani ya riƙe masa aiki, domin ɓoyayyen abu yakan fito sa'ad da mai ɓoyon ba ya nan.

Mu masu bi mukan ji nauyin irin waɗannan matakai. Mukan ce, “Ai ɗan'uwanmu ne, tare muke karɓar Jibi Mai Tsarki, ta yaya za mu tambaye shi rasit?” To, mu duba Littafi Mai Tsarki. A zamanin Sarki Yowash, kuɗin gyaran Haikali yana shiga hannun firistoci shekara da shekaru, gyara bai yiwu ba. Sai Yehoyada firist ya huda murfin akwati ya ajiye shi kusa da bagade. In akwatin ya cika, magatakardan sarki da babban firist ne suke ƙirga kuɗin tare. Daga nan aiki ya tafi. Manzo Bulus ma, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya riƙe ta shi kaɗai ba. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa ya bayyana cewa ikilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya yi rakiyar kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi. In Bulus bai ɗauki wannan a matsayin raini ba, mu su wane ne? Mu tuna kuma cewa a cikin manzanni goma sha biyu, mai riƙe da jakar kuɗi ne ya faɗi.

Saboda haka Uwarmu Ikilisiya ba ta bar zancen nan ga son ran kowa ba. Dokokin Ikilisiya na 1983 sun wajabta kwamitin kuɗi a kowane dayosis, doka ta 537 kuma ta ce kowane farish ya kasance da nasa. Mu firistoci muna ƙarƙashin wannan doka, kuma daidai ne a tambaye mu lissafi.

Ku masu shaguna da kamfanoni, da shugabannin ƙungiyoyin gama kai da zumuntar mata, ku yi tunani a kan ma'ajinku. Mutum ne mai iyali. Wata rana ɗansa zai kwanta asibiti, kuɗin jama'a kuwa yana cikin aljihunsa, ba mai sani. Zai ce aro ne, gobe zai mayar. Yawancin cin amana da haka yake farawa. Kullum muna roƙon Uba ya tsare mu daga jaraba. Bai dace mu kuma mu jefa ɗan'uwanmu cikinta da hannunmu ba. Lissafi a fili yana kare mai rauni daga faɗuwa, yana kare mai gaskiya daga tsegumi, yana kuma kare gwauruwar da ta zuba ɗan abin da take da shi.

Tun daga wannan mako, baikon Lahadi mutum biyu ko uku su ƙirga shi, su sa hannu. Ma'aji mai gaskiya ya zama na fari wajen neman a duba littafinsa. Dukanmu wakilai ne a kan abin da ba namu ba, rana kuma tana zuwa da Mai dukiya zai ce mu kawo lissafi.

Allah ya same mu amintattu a ƙaramin abu da babba, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.