Mutanen Ƙarfe Biyar na Yamma

A gidaje da yawa na masu bi a garin Lafia, daga Bukan Sidi zuwa Tudun Gwandara, akwai wata jakar leda da ake ɓoyewa a ƙasan akwati domin kada ruwa ko gara su taɓa ta. A cikinta ne takardun ɗan gidan suke: sakamakon sakandare, shaidar digiri ko difloma, takardar sallama daga bautar ƙasa, takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, da 'yan ƙananan hotunansa sanye da kwat ɗin aro. A shekara ta farko bayan bautar ƙasa, kowace safiya a kan ambaci maganar aikinsa cikin addu'ar iyali da murya mai ƙarfi. A shekara ta biyu a kan ambace ta a taƙaice. Zuwa shekara ta uku ko ta huɗu an daina ambatonta, kowa yana gudun kada ya fama masa ciwo, shi kuwa yana fassara shirun nan da cewa an fid da rai a kansa.

Ba banza ba ne iyaye suka sa zuciya ga aikin ofis. Kafin ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafia hedkwatar ƙaramar hukuma ce a cikin Jihar Filato, garin doya da riɗi da agushi. Sa'ad da aka kafa Jihar Nasarawa aka mai da ita babban birni, sai aka buɗe ma'aikatu da hukumomi, ma'aikata suka dawo daga Jos, aka kuma ɗauki sababbi. Mutane suka gani da idonsu yadda takarda take kai mutum ga kujera, kujera ta kai shi ga albashi, albashi ya kai shi ga fansho. Saboda haka aka sayar da doya da awaki, mata suka zuba adashi, aka sa yara a makaranta. Makarantun ma suka ƙaru: ga jami'ar jiha a Keffi, ga jami'ar tarayya da aka kafa a Lafia a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha da ta aikin gona a cikin gari, ga kwalejin ilimi a Akwanga. Kowace shekara suna yaye ɗalibai, amma kujerar ofis ba ta haihuwa. Sau da yawa sai mai ita ya yi ritaya ko ya rasu kafin wani ya samu.

Abin bai tsaya a Lafia ba. Ranar 15 ga Maris 2014, hukumar shige da fice ta kira masu neman aiki zuwa filayen wasa a faɗin ƙasar nan. Fiye da mutum rabin miliyan ne suka nema, kowa ya biya naira 1,000, guraben kuwa ba su kai 5,000 ba. A turmutsitsin da aka yi a Abuja da waɗansu garuruwa, mutane fiye da goma suka rasa rayukansu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na masu iya aiki ba su da shi. A 2023 ta sake ma'auni, ta fara lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a cikin masu aiki, sai adadin ya faɗo ƙasa da kashi biyar. Lissafi ya sauya a takarda, jakar ledar nan kuwa tana nan a ƙasan akwati.

Tambayar da take cin zuciyar mai neman aiki da dare ba ta lissafi ba ce. Ita ce: wannan daɗewa me take faɗa a kaina? Amsoshi ba su da wuyar samu. Wani kawu zai ce ragwanci ne. Wata gwaggo za ta ce hannun maƙiya ne daga ƙauye, ta kuma san wani mai addu'a da zai karya abin idan an kai ɗan wani abu. Wani ɗan'uwa a zumunta zai ce a bincika rai, watakila akwai ɓoyayyen zunubi ko ƙarancin bangaskiya. Dukansu sun haɗu a wuri ɗaya, wato laifin yana wurin mai jiran. Haka abokan Ayuba suka yi. Kwana bakwai da suka zauna tare da shi ba su ce uffan ba, sun yi masa amfani. Da suka buɗe baki suna nemo masa laifi, Allah da kansa ya tsauta musu a ƙarshen littafin.

A Matiyu sura 20 Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai gonar inabi da ya fita neman 'yan ƙodago. Ya ɗauki waɗansu da sassafe, ya koma kasuwa da hantsi, da tsakar rana, da azahar, sa'an nan wajen ƙarfe biyar na yamma ya tarar da waɗansu har yanzu suna tsaye. Masu wa'azi sukan yi sauri su kai ga ƙarshen misalin, inda kowa ya karɓi dinari guda, gama a nan ne koyarwar alherin Allah take. Amma ya kamata a dakata kaɗan a wurin mutanen nan na ƙarfe biyar. Mai gonar ya tambaye su dalilin tsayuwarsu wuni guda, suka amsa cewa ba a ɗauke su ba ne. Bai ƙaryata su ba, bai kuma yi musu huɗuba a kan himma ba. Duk wanda ya taɓa ganin leburori a bakin titi da sassafe, kowa riƙe da shebur ko diga, ya san cewa rago ba ya kai ƙarfe biyar a wurin. Rago tun hantsi ya koma gida. Wanda ya wuni cikin rana yana duban kowace motar da ta rage gudu, ya sha wahalar da ba a biya, ya kuma ga ana zaɓen na kusa da shi ana barinsa. Ubangiji ya san da irin mutanen nan, ya sa su a tsakiyar misalin Mulkin Sama, ya kuma sa aka fara biyansu kafin kowa.

Akwai wata aya da ake yawan jifan marasa aiki da ita a gidajen masu bi, wato 2 Tasalonikawa 3:10, inda manzo Bulus ya haɗa aiki da cin abinci. Wanda ya karanta ta a natse zai ga cewa magana ce a kan mai ƙin yin aiki. Ba ta taɓa wanda ya nema bai samu ba. Uban da ya karanta wa ɗansa ayar nan a kan kwanon tuwo, bayan yaron ya dawo daga Abuja da ƙurar hanyar Keffi a jikinsa, ya ɗora wa Nassi abin da bai faɗa ba.

To, karayar zuciya ita kanta zunubi ce? Littafi Mai Tsarki bai ɗauke ta haka ba. Karin Magana 13:12 ta san cewa jiran abin da aka sa rai a kansa, idan ya yi tsawo, yana sa wa zuciya ciwo. Annabi Iliya, bayan babbar nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Abin da Allah ya fara yi masa abin lura ne: ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a zo ga magana. Iyalin da suka ga ɗansu ya fara kwana har rana tsaka, ya janye daga ƙungiyar mawaƙa, yana gudun bikin auren abokan karatunsa, ba ya ɗaga waya, kada su fara da faɗa. Ciwo ne yake bayyana kansa. Idan aka bar shi, yakan kai waɗansu ga ƙwaya da giya, waɗansu ma ga tunanin hallaka kansu, a nan kuwa ana bukatar likita tare da fasto, ba ɗaya a madadin ɗaya ba. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe: baƙin cikin da ya kama ɗa ɗaya yakan shiga tsakanin uwa da uba, ya kuma sanyaya gwiwar ƙannen da ke makaranta, waɗanda suke kallon yayansu suna tambayar amfanin karatu.

Karayar zuciya tana da haɗari ta wata fuska dabam, domin ita ce take buɗe ƙofa ga abin da mutum ya rantse ba zai yi ba. Na farko shi ne rage shekaru. Yawancin tallan aiki suna sa iyakar shekaru, alhali yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, ba da laifin ɗalibi ba. Sai a ce da shi ya je ya yi rantsuwar shekarun haihuwa ya zubar da uku ko huɗu, kowa ma haka yake yi. Na biyu shi ne sayen gurbi. Wannan ba jita-jita ba ce, gama a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya zauna yana binciken cinikin guraben aiki a hukumomin gwamnatin tarayya. Ga 'yan mata kuma akwai farashi na uku wanda ba a biya da kuɗi, kowa ya san shi ko da ba a faɗa ba.

Bai kamata ikkilisiya ta yi wa matasa ƙarya a nan ba. Waɗansu da suka saya an damfare su, gonar gado ta tafi a banza. Amma waɗansu sun saya sun samu, suna karɓar albashi, sun yi aure, har sun zo gaban jama'a da rawa da baikon godiya. Wanda ya ƙi, yana zaune a bencin baya yana kallo. Asaf ya san zafin wannan kallo, shi ya sa Zabura 73 take cikin Littafi. Abin da za a iya faɗa wa mai ƙin nan kaɗan ne, amma gaskiya ne: gurbin da aka saya an ƙwace shi ne daga wani wanda shi ma uwarsa ta sayar da akuya, kuma wanda ya shiga ofis ta wannan ƙofa zai yi wuya ya ƙi sayar wa na bayansa. Shi da ya ƙi bai yi asarar shekarunsa ba. Ya riga ya yi wani aiki mai wuya wanda ba a rubuta shi a takardar neman aiki.

Neman taimakon wanda yake da hanya kuwa ba laifi ba ne. Yusufu ma ya roƙi mai shayarwar Fir'auna ya tuna da shi, mutumin ya fita ya manta da shi har shekara biyu cif. Kowane mai neman aiki a Lafia yana da nasa mai shayarwa, wani babba da ya karɓi takardu ya ce a ba shi mako biyu. Sai dai a yi hankali da yadda ake amfani da labarin Yusufu a kan bagade. An sayar da shi yana da shekara 17, ya tsaya gaban Fir'auna yana da 30, amma Allah bai yi wa kowane mai bi alkawarin fada ba, bai kuma yi alkawarin kujera a sakatariya ba. Mai wa'azin da yake shelar cewa kafin ƙarshen wata takardar kama aiki za ta iso, yana ba da rancen da ba shi zai biya ba. Idan watan ya ƙare, saurayin ne zai zauna da tunanin ko Allah ya ƙi shi.

A nan ne ake zuwa ga magana mai nauyi ga iyaye fiye da 'ya'ya. An daɗe ana kiran aikin ofis “aiki” kawai, sauran kuwa “buga-buga”. Ubangiji Yesu an san shi a Nazarat da sassaƙa, Bulus mai zurfin ilimi ya zauna da Akila da Bilkisu a Koranti yana ɗinkin tanti. Duk da haka, cewa da mai digiri ya koma gona ya fi sauƙi a baki. Gona tana son fili da jari, ga kuma rikicin manoma da makiyaya da ya sha hana mutane zuwa gonakinsu a yankunan Doma, Keana, Awe da Obi. Ba kowa ne kuma aka yi domin ciniki ba. Amma koyarwa a ƙaramar makaranta mai ɗan albashi, ko zama a shagon cirar kuɗi, ko koyon ɗinki ko haɗa wutar sola, ko sayen riɗi da kaka a ajiye, suna ba mutum dalilin tashi da safe da kuɗin motar da ba sai ya roƙa ba, musamman tun da cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin tafiya. Yin su ba ya hana ci gaba da nema. Abin da yakan hana shi ne kunya, kunyar kuwa sau da yawa ba ta yaron ba ce. Uban da ake tambayarsa a bakin majami'a me ɗansa yake yi, ya amsa da cewa har yanzu ana jira, alhali yaron yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane yana sayen magani wa uwarsa, ya gaya wa ɗan nan cewa guminsa ba ya cikin lissafi.

A yawancin ikkilisiyoyi akwai lokacin shaida ran Lahadi, wanda ya sami aiki ya fito, a yi guɗa, mata su raka shi da rawa. Daidai ne a yi murna da mai murna. Amma a cikin wannan taro akwai ma'aikatan gwamnati, da shugabannin makarantu, da 'yan kasuwa, da magina, waɗanda suke jin labarin gurbi kafin a buga shi, ko suke bukatar mai riƙe musu lissafi. Da yawansu ba su san sunan saurayin da ke zaune a bencin baya ba, balle abin da ya karanta. Dattawan ikkilisiya suna da jerin sunayen gwauraye da marasa lafiya da suke kai wa ziyara. Kaɗan ne suke da jerin waɗanda suka shekara uku suna neman aiki, ko asusun da zai biya wa ɗaya daga cikinsu kuɗin mota zuwa Abuja ranar ganawa, ya dawo a tambaye shi yadda aka yi, ko da amsar ita ce ba a ɗauke shi ba.