Zazzaɓin Bayan Allura Ba Shi Ne Cutar Ba



Makon jiya bayan La'asar wani matashi daga wani ƙauye a gefen Ɗambatta ya tare ni a ƙofar masallaci, hankali tashe. "Malam, Baba ne. An yi masa alluran maniyyata, har da ta mura. Tun dare yake rawar ɗari, damtsen ya kumbura. 'Yan majalisa sun ce cutar aka ɗura masa." Dattijon nan shanu biyu da gyaɗarsa ya sayar ya cika kuɗin kujera. Ƙanwarsa mai ciwon suga, wadda za su tafi tare, ta ce ita kam ba mai taɓa ta.

Na kira wani ɗalibinmu ma'aikacin lafiya. Ya ce allurar mura ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, don haka ba ta sa mura. Ciwon damtse, ɗan zazzaɓi, ciwon kai da kasala, jiki ne ke haɗa garkuwa. Kwana ɗaya zuwa biyu sun wuce. Kariyar sai bayan kamar mako biyu take kankama, wanda mura ta kama a tsakani kada ya ɗora wa allura. Amma in numfashi ya sarƙe, ko fuska da leɓe suka kumbura, wannan ba na jira ba ne, ba na jiƙe-jiƙe ba ne. Asibiti, nan take. Yana da wuya, amma yana faruwa.

Ban ce tsoron mutanenmu ba shi da tushe ba. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi wa yara lokacin sanƙarau a 1996 ba. To, tambaya haƙƙinka ce: wace allura ce, me za ta sa ni? Yi ta a gaban mai allurar. Abin da ba haƙƙinka ba shi ne yaɗa abin da ba ka tabbatar ba, alhali Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari. Ka zauna gindin darbejiya ka yanke hukunci, tsohuwa mai suga ta shiga cunkoson Mina ba kariya. Wa zai ɗauki wannan alhakin?

Masu cewa tawakkali kuwa, Sayyidina Umar (RA) ya juyo da jama'a daga hanyar Sham saboda annoba. Waninmu ya fi shi tawakkali ne?

Dattijon dai kwana biyu ya yi ya fita sharar gona. Ƙanwar tasa har yanzu ana lallashi, ku sa ta a addu'a.