Kada lafiyar yau ta ruɗe ka kan inshorar maganin tsofaffi a Amurka

Ɗana, kai da ke zaune a Amurka da tsoho a gida, ko kuma kai ma furfura ta fara leƙo ka, matso in ja maka kunne kan abin da mutanenmu ke wa riƙon sakainar kashi har sai ya ci musu aljihu.

Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, tun 1965 take. Amma maganin da likita ke rubuta maka ka karɓo a kemis bai shiga cikinta ba sai a 2006, da aka buɗe sashen da ake kira Part D. Kamfanonin inshora masu zaman kansu ke riƙe da shi, kuma yawancin mutane sai sun shiga da kansu.

Ga inda ake faɗawa rami. Baba ya cika 65, lafiyarsa lau, ko na ciwon kai ba ya sha, sai ya ce don me zai riƙa biyan kuɗi wata-wata kan maganin da ba ya buƙata? Wata bakwai aka ba shi ya shiga: uku kafin watan haihuwarsa, watan kansa, da uku bayansa. In ya bari suka wuce, ya kuma yi kwana 63 a jere babu wata inshorar magani da hukuma ta yarda da ita, tara ta hau kansa. Kowane watan jinkiri kashi 1 cikin 100 ne na wani kuɗi da gwamnati ke yankewa duk shekara, wanda a 2025 ya kama dala 36.78. Mai jinkirin shekara biyu, ke nan, dala 8.80 aka ɗora masa a wata a 2025. Za ka ce ai ba yawa. To ba ta faɗuwa, ɗana. Muddin yana cikin tsarin yana biya. Abin da ya fi tarar ciwo ma shi ne ƙofar ba kullum take buɗe ba. Daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba ake shiga, inshorar ta fara aiki 1 ga Janairu. In ciwon suga ko na zuciya ya bayyana a watan Maris, da aljihunku za ku sayi magani har ƙarshen shekara, kuma magani a ƙasar nan ba ya jin bari. Shawarata, ko tsari mafi arha ne a shiga tun da wuri.

Dokar da Shugaba Biden ya sa wa hannu a 2022 ta kawo sauƙi sosai. Insulin ba ya wuce dala 35 a wata. An kuma sa iyaka kan abin da mutum zai fitar daga aljihunsa a shekara kan magungunan da tsarinsa ke biya: dala 2,000 a 2025, dala 2,100 a 2026. Mai ƙaramin ƙarfi ya nemi tallafin Extra Help a ofishin Social Security. Wanda ya samu, ko tarar ba ta kansa. Neman haƙƙinka ba bara ba ne, a daina jin nauyi.

Sai wasiƙar nan da kamfani ke aikowa a watan Satumba, wadda ake jefawa kan firji tare da takardun talla. Buɗe ta. A ciki ake faɗin ko an ƙara kuɗi, ko an cire maganin hawan jinin Inna daga jerin waɗanda ake biya. Kwaso kwalaben magungunanta, ka shigar da sunayensu ɗaya bayan ɗaya a shafin Medicare na intanet, ka gwada tsarin bana da sauran. Kowace jiha ma tana da masu ba da shawara kyauta a ƙarƙashin shirin SHIP.

In kuma tsohon zai je gida, Kano ko Kumasi, ya sani Part D ba ya biyan maganin da aka saya a wajen Amurka. Ku nemi a ba shi na kwana 90 kafin ya hau jirgi.

Yau ɗin nan ka duba ranar haihuwar Baba a fasfo ɗinsa, ka ƙirga watannin da suka rage.