Sauƙi A Baki, Tsanani A Hannu

Ya 'yan'uwa Musulmi, Hausa ta wadata da kalmomin tausasawa. Majinyaci yakan ce "da sauƙi", mai saye yakan nemi rangwame, alƙali yakan yi sassauci, maraya kuwa rarrashinsa ake yi. Sauƙin cuta na Allah ne, roƙonsa muke yi. Amma rangwame da sassauci da rarrashi aikinmu ne, kuma lalle za a tambaye mu.

A shekarar 1812 Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya buɗe littafinsa Najmul Ikhwan da bayanin cewa addinin Allah sauƙi ne. Ɗansa Muhammadu Buhari shi ya riƙe ribaɗin Tambuwal, saboda haka wannan karatu gadonmu ne.

To, kai mai hatsi a Tambuwal ko Kebbe, ka ba manomi bashi da damina, gona ba ta yi kyau ba. Kada ka ce masa "Allah Ya sawwaƙe" sa'an nan ka ja akuyarsa. Aya ta 280 cikin Suratul Baƙara ta umurce ka da jinkirta masa, ta kuma nuna yafewa ta fi alheri.

Allah Ya sassauta mana hisabi, amin.