Kayen Sirri: Shaida Ne ko Lauya?

Mun taso da karin maganar da ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Mutumin kirki a wajenmu shi ne mai haɗiye maganarsa, wanda ba a karanta damuwarsa a fuska. Shi ya sa idan aka ga wani ya sayi kaye da bik, yana keɓewa bayan isha'i yana rubuta abin da ke ransa, tambaya biyu kan taso. Ta farko, ashe wannan ba tonon asirin kai ba ne? Ta biyu ta fi nauyi: wane ne kai da za ka mai da kanka abin nazari, alhali ga iyaye da malamai da za su gaya maka gaskiya?

Ban raina tambayoyin nan ba. Amma ina tare da masu rubutun, kuma dalilina guda ne. Zuciyar ɗan Adam tana gyara labari bayan abu ya riga ya faru, takarda kuwa ba ta gyarawa.

A 1972, kafin shugaban Amurka Richard Nixon ya kai ziyara ƙasar Sin da Tarayyar Sobiyet, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Baruch Fischhoff da Ruth Beyth, sun sa ɗalibai su ƙiyasta abubuwan da suke zaton za su faru a tafiyar. Da aka dawo sai suka ce kowa ya tuna abin da ya ƙiyasta. Mafi yawansu sun tuna kamar dai tun farko sun fi ƙarfafa zaton abin da ya faru, fiye da yadda suka rubuta da hannunsu. Ba ƙarya suka shirya ba, haka suka tuna. An buga sakamakon a 1975. Mu ma mun san abin ba tare da wani bincike ba. Duk auren da ya mutu, sai ka ji dangi suna cewa dama sun faɗa. Duk kasuwancin da ya yi albarka, mai shi zai ce tun ran farko jikinsa ya ba shi. Idan kowa dama ya sani, yaushe za a koyi darasi?

Akwai kuma wani abu da aikin rediyo ya nuna mini. A shirin dare da nake gabatarwa, inda masu saurare ke kira da matsalolinsu, muryar mutane tana canzawa da yanayin shekara. A bazara, lokacin da zafi ke hana barci a Yamai da Tawa, rijiyoyi sun ja baya, kira yakan cika da ƙosawa. Wannan zai bar aiki, wannan za ta tafi gidansu, wancan ya gaji da garin gaba ɗaya. Da damana ta sauka sai magana ta koma ta fata da fargaba, domin shuka tana gona amma rumbu ya yi ƙasa. A kaka kowa jarumi ne. Hatsi ya shigo, ana ɗaura aure, ana alkawarin gini, ana maganar ƙarin mata. Da ɗari ya kama, samari sun cika tasha za su cin rani, wasu Kano da Legas, wasu Agadas da abin da ke gabanta, sai kiran matan da aka bari a gida ya yawaita.

Mutum ɗaya ne a duk lokutan nan huɗu, amma ba ido ɗaya yake kallon rayuwarsa da shi ba. Wanda ya yanke hukunci a kaka yana yi ne da cikin ƙoshi, ya manta da yadda watan Agusta yake. Manomi ya fi kowa sanin wannan. Yakan sayar da tiyar hatsi da araha bayan girbi saboda buki da bashi, ya dawo ya saye ta da tsada a tsakiyar damana. Ba wauta ba ce, sau da yawa dole ce. Sai dai ko inda babu dole, mai ƙoshi ba ya iya tuna yunwa yadda take, mai fushi ma ba ya iya tuna cewa ya taɓa son wanda yake fushi da shi. Kaye shi ne wasiƙar da mutumin damana ke aika wa mutumin kaka.

Kakanninmu sun san amfanin ajiye tarihi, shi ya sa suka raɗa wa shekarun wahala suna. Yunwar 1914 ana ce mata Kakalaba, ta 1984 kuma a nan Nijar ana ce mata El Buhari. Da sunan nan tsoho yake gargaɗin jikansa kada ya wofintar da rumbu. Amma wannan ajiyar ta jama'a ce, kuma manyan masifu kaɗai take riƙewa. Ba wanda zai raɗa suna wa shekarar da ka ci bashi don ka burge surukai, ko shekarar da ka yi haƙuri da ɗan'uwanka har abin ya warware. Waɗannan idan kai ba ka ajiye su ba, sun tafi.

Ga mai cewa wannan al'adar Turawa ce, ina da amsa daga cikin gida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi. Idan bashin da ke tsakanin mutum biyu yana bukatar takarda saboda mantuwa da gardama, alkawarin da mutum ya yi wa kansa fa, wanda ba shi da mai bin sa? Malamin nan na Bagadaza, Harisu al-Muhasibi, wanda ya rasu a 857, laƙabinsa ma daga yi wa kai hisabi ya samo asali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a Ihya'u Ulumiddin kan lura da kai da yi mata hisabi, ya kwatanta abin da ɗan kasuwa da abokin cinikinsa: a gindaya sharaɗi da safe, a sa ido da rana, a zauna lissafi da yamma. Duk wanda ya taɓa zama a kanti a kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram ya san lissafin da ba a rubuta ba, ƙarshensa rantsuwa. Can wata duniyar kuma, sarkin Rum Markus Aureliyus, wanda ya mutu a shekara ta 180, ya bar rubuce-rubucen da ya yi wa kansa da harshen Girka, yana yi wa kansa faɗa kan fushi da son yabo. Sarki ne da ba mai iya tsawata masa, sai ya nemi takarda ta yi.

To amma a nan ne gizo ke saƙa. Kaye ba ya ƙarya game da abin da aka rubuta, amma mai rubutun yana iya shirya ƙarya tun daga alƙalami. Mutum na iya cika shafi ɗari, kuma a kowane shafi shi ne wanda aka zalunta. Kishiya ta yi kaza, shugaban wurin aiki ya ce kaza, aboki ya ci amana ranar kaza ga watan kaza. Wannan kayen ya tashi daga shaida ya zama lauya, yana tara hujjojin shari'ar da ba a kira ɗaya ɓangaren ba. Illarsa ta fi ta rashin rubutu, domin mantuwa ma rahama ce. Akwai maganganun da aka faɗa cikin zafin rai waɗanda da an bar su, kwana arba'in ya isa ya shafe su. Wanda ya rubuta su ya hana su mutuwa. Kuma ina ganin aibata mutum a takarda ɗan'uwan yi da shi ne a bayan ido, ko da ba wanda zai karanta, domin kai kana karantawa, kuma zuciyarka ce ke daɗa ƙeƙashewa.

Ma'aunin da nake amfani da shi mai sauƙi ne. In na buɗe shafukan wata guda, nakan duba wa ya fi aikata abu a cikinsu. Idan "ya yi mini" da "ta ce mini" sun rinjayi "na yi" da "na ce", to lauya ne ke rubutu. Shaida yakan faɗi abin da ya gani ko da bai yi wa wanda ya kira shi daɗi ba. Abu uku nake ganin sun cancanci tawada: abin da na aikata, abin da nake tsoro, da abin da nake zaton zai faru. Na ukun shi ne mafi tsada, don shi ne zuciya ke saurin sauyawa daga baya.

Saura tambayar iyaye da malamai. Hausawa sun ce shawara ɗaukar ɗaki, kuma gaskiya ne, mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka. Sai dai na sha jin masu neman shawara waɗanda sun riga sun gama yanke hukunci, abin da suke nema kawai wanda za a raba laifi da shi in abu ya ɓaci. Wasu kuma tambayar da suka kawo ba ita ce ke damunsu ba. Saurayi zai ce yana son a ba shi shawara kan tafiya Libiya saboda babu aiki, alhali abin da ke korarsa kunyar ƙaninsa ne da ya riga shi yin gini. Wa zai ba shi amsa daidai, tunda ya ɓoye tambayar har ga kansa? Da ya zauna dare uku yana rubuta dalilinsa ba tare da kunyar kowa ba, da wataƙila ya je wa mahaifinsa da maganar gaskiya. Kaye ba ya maye gurbin shawara, ba ya maye gurbin istihara. Yana wanke tambayar ne kafin a kai ta gaban manya da gaban Ubangiji.

Saboda haka abin da nake ba da shawara ba shi da yawa. Ba dole sai kullum ba. Zama huɗu a shekara ma ya isa mafari: farkon bazara, saukar damana, bayan girbi, da tsakiyar ɗari. A kowane zama ka karanta abin da ka rubuta a na baya kafin ka ƙara sabo. Idan babban hukunci ya taso, irin su aure, saki, ƙaura, barin aiki ko sayar da gona, ka rubuta abin da za ka yi da dalilinsa, da abin da kake zaton zai biyo baya bayan shekara guda, ka sa kwanan wata. In abin yana jure jira, ka bar shi ya ƙetare yanayi ɗaya. Hukuncin da aka rubuta a zafin bazara, aka karanta bayan ruwan farko kuma har yanzu yana tsaye, ya cancanci a amince da shi. Wanda ya narke kuwa, dama zafi ne ke magana. Ban ce a jira a cikin cutarwa ba. Wadda ake duka ba ta bukatar damana ta tabbatar mata.

Na san gidajenmu ba su da ɗakin da mutum zai kulle shi kaɗai, kuma kayen da ya faɗa hannun da bai dace ba yana iya raba zumunci. Wannan ma wani dalili ne na barin sunayen mutane da laifinsu a waje. Ka rubuta abin da in an gani, kai kaɗai za ka ji kunya. Wanda bai yi boko ba yana da ajami, wanda ba shi da ko ɗaya yana da waya, ya naɗi muryarsa ya ajiye. Ba kyan rubutu ake nema ba, kwanan wata da gaskiya ake nema.

Ciki dai ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, na yarda. Amma ciki yana narkar da abin da aka zuba masa, har magana. Abin da kake son ka same shi gobe yadda ka ajiye shi yau, musamman shaidar da za ta iya kayar da kai, sai ka ba wa wanda ba ya narkarwa. Allah ya ba mu ikon yi wa kanmu adalci kafin ranar da za a buɗe littafin da ba mu muka rubuta ba.